Raƙuma biyun Ka'abu

Laraba, bayan sallar isha'i.

Yau a karatun bayan magariba malam ya kawo labarin yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira. Tafiya ce mai nisa cikin tsananin zafi, ga dabino ya nuna a Madina. Da Manzon Allah (SAW) ya dawo, mutum fiye da 80 da ba su je yaƙin ba suka zo suna rantsuwa suna kawo uzuri. Ka'abu ɗan Maliku kuwa ya zauna gabansa ya ce ba shi da wani uzuri, bai taɓa samun ƙarfi da wadata irin na lokacin ba. Raƙuma biyu gare shi a ɗaure. Kullum sai ya ce gobe zai shirya, har runduna ta yi nisa. Gaskiyar nan ta jawo masa kwana 50 babu mai yi masa magana, sannan Allah ya karɓi tubarsa.

Daga nan ban ƙara jin abin da malam ke faɗa ba. Yaya ne ya faɗo mini a rai.

Shekara uku ke nan muna gaba a kan rabon gidan gado. Duk ranar da Inna ta ce, "Ɗan nan, ka je ka gaishe da yayanka," amsata ɗaya ce: "Inna, na yi iya ƙoƙarina, zuciyata ce ta kasa." Har azumin bana na yi ta kuka a tahajjud ina roƙon Allah ya wanke mini zuciya, ya mai da ni wani mutum dabam.

To amma wane ƙoƙari na yi? Gidansa bai fi tafiyar minti 20 a Adaidaita ba. Lambarsa tana wayata. Waɗanda suka kasa da gaske, Suratut Tauba ta ambace su: sun zo neman abin hawa, ba a samu ba, suka juya idanunsu na zubar da hawaye. Ni nawa raƙuman suna ƙofar gida.

Ina jin daɗin zama wanda aka zalunta. Idan na yafe, me zan riƙa faɗa wa dangi a wurin biki? Abin da nake riƙe da shi ke nan, kuma rubuta shi ya yi mini ciwo ƙwarai.

Na ɗauko wayar ɗazu, na daɗe ina kallon sunansa. Ban kira ba. Da safe zan shiga wurin Inna in gaya mata cewa ƙi na yi.