Abin da karkandar Garamba ta koya mini

A kwas ɗin kula da namun daji aka ba mu aikin bin tarihin farar karkanda ta arewa. Yau guda biyu suka rage a duniya, Najin da 'yarta Fatu, duka mata, suna gandun Ol Pejeta a Kenya, masu gadi riƙe da bindiga suna tsaronsu dare da rana. Namijin ƙarshe, mai suna Sudan, ya mutu a watan Maris na 2018, duniya ta yi ta jimami. Ni kuwa da na shiga takardun, shekarar 2005 ce ta tsaya mini a rai.

A da ana samun wannan dabba a Chadi da Sudan da Yuganda da Afirka ta Tsakiya da Kwango. Mafarauta suka yi ta kashe ta saboda ƙahonta, wanda ake yin ƙotar wuƙa da shi a Yaman, ake kuma sayarwa a Asiya da sunan magani, alhali abin da ke cikinsa shi ne ke cikin farcen mutum. Zuwa 1984 kusan 15 kaɗai suka rage a dajin Garamba na Kwango. Da aka tsaya da gaske wajen gadi, sai suka ninka, suka kai wajen 30. Wato dabbar ba ta gaza haihuwa ba, tsaro kawai take buƙata.

Sai yaƙi ya dagula yankin, 'yan bindiga suka riƙa shigowa dajin. A farkon 2005 aka tsara kwashe guda 5 zuwa Kenya, amma aka yi ta surutu cewa za a sayar da dukiyar ƙasa, shirin ya rushe. Ina fahimtar masu wannan ƙorafi, don an sha kwashe arzikin Kwango ba tare da an tambayi mutanenta ba. Duk da haka, a ganina da an zauna da jama'ar yankin tun da wuri an yi musu bayani, da labarin ya sauya. Bayan 2006 ba a ƙara tabbatar da ganin ko ɗaya a Garamba ba. Haka baƙar karkanda ta yamma ta ƙare a arewacin Kamaru, aka sanar a 2011.

Yanzu masana na ɗibar ƙwan Fatu suna haɗawa da maniyyin mazan da suka mutu a ɗakin gwaji a Italiya, da fatan farar karkanda ta kudu ta ɗauki cikin. Ina yi musu fatan nasara, amma zuri'ar uwa ɗaya ba za ta cika daji ba.

Shi ya sa na fi damuwa da karkandar Java a Indonesiya. Ba su kai 80 ba, duka a daji guda, Ujung Kulon, kuma mafarauta sun riga sun san hanyar shiga.