Abin da tambayar wata ɗaliba ta koya mini game da kukan duniyoyi

Ina koyar da kimiyyar fiziks a wata makarantar sakandare a garin Gombe, kuma shekara da shekaru ina nanata wa ɗalibai cewa sauti ba ya tafiya sai ya sami abin bi, ko iska ko ruwa ko ƙarfe. Wata rana bayan an tashi, wata ɗaliba 'yar aji biyar ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ka ce babu iska a sararin samaniya, to yaya aka yi yayana ya kunna mana kukan duniyar Zuhal a wayarsa?" Na yi mata alkawarin zan bincika, kuma binciken ya gyara mini yadda nake koyarwa.

Abin da ta ji, tun asali igiyoyin rediyo ne. Duniyoyi masu ƙarfin maganaɗisu, irin su Mushtari da Zuhal da tamu, suna fitar da su idan ƙwayoyin lantarki suka bi layukan maganaɗisun a guje zuwa ƙuryar arewa da ta kudu. Eriyar kumbo ke kama su, sannan masana su sauko da su zuwa iyakar da kunnen ɗan Adam ke ji, wato kaɗawa 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa ɗaya.

Labarin gano wannan abu ya fi komai tsaya mini a rai. A 1955, a kusa da birnin Washinton na Amurka, Bernard Burke da Kenneth Franklin suna gwajin wata babbar eriya a kan megahaz 22.2, dab da mita 13 na gajeren zango inda iyayenmu ke murɗa rediyo su nemi labaran duniya. Sai wata ƙara ta dinga shigo musu, har suka zaci wani inji ne ko mota a kusa. Da suka koma kan takardun awonsu, suka lura tana rigan lokacinta na jiya da kimanin minti huɗu kowace rana, kamar yadda taurari ke yi, daga nan suka bi sawunta har zuwa Mushtari. Da sun yi gaggawar share ta a matsayin hayaniya, da wasu ne suka gano ta. A 1964 kuma aka fahimci cewa Io, ɗaya daga cikin watannin Mushtari, yana da hannu a lokutan da ƙarar ke tsananta.

Darasin da ya fi yi mini amfani daga Zuhal ya fito. Kasancewar gajimare ya lulluɓe ta, babu dutse ko kwari da za a zuba wa ido a ƙirga juyawarta, don haka da kumbunan Voyager suka wuce ta a 1980 da 1981, aka ɗauki maimaituwar igiyoyin rediyonta, awa 10 da minti 39, a matsayin tsawon kwananta. Da kumbon Cassini ya isa a 2004, sai ya sami awa 10 da minti 45. Ƙatuwar duniya irin wannan ba za ta rage gudu da minti shida cikin shekara ashirin da 'yan kai ba. Ashe motsin ƙwayoyin lantarkin da ke kewaye da ita na'urorin suke aunawa, mutane ne suka fassara shi da juyawar jikinta. Sai a 2019 aka fitar da awa 10 da minti 33 ta hanyar nazarin girgizar zobbanta.

Tun daga nan, kafin in bar ɗalibi ya rubuta sakamakon kowane gwaji, sai na tambaye shi mene ne ainihin abin da na'urarsa ta auna. Da damina nakan zo aji da ƙaramar rediyo, in kai ta matsakaicin zango inda babu tasha, mu saurari ƙaras-ƙaras ɗin da walƙiya ke jefawa cikinta tun hadari yana nesa, kafin kowa ya ji tsawa.

Ita kuwa ɗalibar, na kunna mata na Zuhal, sannan na kunna mata hurowar iskar duniyar Mas wadda makirfon motar bincike ta Perseverance ya naɗa a 2021, inda sauti ke tafiyar kimanin mita 240 a daƙiƙa maimakon 340 da muka sani a nan. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce na biyun ne kaɗai kunnenta zai iya ji da a ce tana can tsaye.