Kafin ka kwance kan jirgin, duba dogon

Tun da aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a 2021, wanda zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya, samarin unguwarmu suka fara leƙowa zaurena kallon ɗan ƙaramin jirgin ƙasa da nake tuƙawa a kan katako. Wasu har sun samo nasu a gwanjo, kuma duk kukansu ɗaya ne: kan jirgin yana tafiya yana ɗingishi, ya tsaya cak, sai an zungure shi da yatsa. Ƙannena, ni ma na yi wannan kukan, kuma garin neman gira na rasa ido, domin da hannuna na kashe kan jirgina na farko.

Nawa irin wanda ake kira HO ne, wato an rage girman jirgin gaske sau 87. Tsakanin ƙarafan dogonsa milimita 16.5 ne, in ka ninka sau 87 sai ka samu kusan milimita 1,435, faɗin dogon da ake shimfiɗa mana yanzu. Akwai ƙaninsa, N, mai milimita 9. Dukansu ba batir a cikinsu. Wuta ce ta kusan bolt 12 ke bi ta ƙarfen dogo, ta hau ƙafar jirgin, wasu siraran tagulla da ke gogar bayan ƙafar su ɗauke ta su kai wa injin. Inda ƙafa ke taɓa dogo bai wuce kan allura ba, jirgin kuma ba nauyi gare shi da zai murƙushe datti ba. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta yanke wutar. To ku tuna hazon hunturun Katsina, wanda ko cikin akwati rufaffe yana shiga.

Ban san haka ba a lokacin. Da jirgin ya fara sarƙewa, sai na ce mai yake so. Na ɗauko man keken ɗinkin mai ɗakina na ɗura masa ta kowace kafa. Kwana biyu ya yi daɗi, sannan ƙura ta haɗu da man ta zama baƙin danƙo a ƙafafu da tagullar. Na ƙara mai. Man ya gangara har inda 'yan gawayin injin ke gogar sandar da ke juyawa, abin ya yi zafi, na ji ƙauri, hayaƙi ya tashi. Dattijon da ke gyaran agogo a kasuwa ya duba ya ce, "Malam, kwayil ya ƙone, ai wannan ɗigon mai na kan tsinke ya ishe shi shekara." Haka abin yake. Ɗigo ɗaya a kan tsinken sakace, a gindin gatarin ƙafa da haƙoran giya kawai, kuma man ya zama mai laushi wanda ba ya cin roba. Baƙin mai na babur da man gyaɗa kada su kusance shi.

Kuskure na biyu ya fi ɓoyuwa. Da na gane datti ne, sai na bi dogon da samfefa har ya yi ƙyalli. Ashe ƙananan tsagu na yi masa, datti ya sami gidan zama, kullum sai na sake gogewa. Yanzu farin ƙyalle marar zare nake jiƙawa da sifirit na kemis, in ja a kan ƙarfen har ƙyallen ya daina baƙi. Ƙafafun kuma, nakan shimfiɗa ƙyallen a kan dogo, in ɗora rabin ƙafafun a kai, sauran a kan ƙarfe, in riƙe jirgin in ba shi wuta kaɗan, su wanke kansu. Kada ku manta da ƙafafun taragu, su ne ke yawo da dattin. Gashi da zaren darduma da suka naɗe gatari a cire su da hantsaki, shi ya sa ba na yarda a shimfiɗa dogo a ƙasa.

In jirgin a wuri ɗaya yake tsayawa kullum, laifin ba nasa ba ne. Ɗan ƙarfen da ke haɗa dogo da dogo ya saki, a matse shi da filaya. A bar 'yar tazara kamar kaurin kati a mahaɗar, domin zafin bazara kan sa ƙarfe ya miƙe, dogon ya lanƙwashe.

Ku karanta bayan tiransifoma, wato ɗan akwatin da ke rage wutar gida kafin ta shiga dogo, kafin ku jona. Kayan Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne, wutarmu 230. Wani yaro ya kawo mini tasa ta ƙone a daren farko.

Kan jirgin da ya daɗe a ajiye, ko sabo, a sake shi ba taragu, gudu matsakaici, rabin awa gaba, rabin awa baya. Ni yanzu da an gama tuƙi nake lulluɓe katakon duka da tsohon zanen gado, kan jirgin kuma ya koma kwalinsa.