Fara ta sake kawo min ɓera

Laraba da dare. Sanyin hunturu ya kama Bauchi sosai.

Da asuba na tashi zan fita alwala, ƙafata ta taka wani abu mai laushi a bakin ƙofa, ta cikin ɗaki. Na haska fitilar waya, sai ga ɓera kwance, wuya a karye, da ɗigon jini a kan leda. Kyanwarmu Fara na gefe tana lasar hannunta tana kallona.

Na uku ke nan a makon nan. Shekaranjiya jaba ce, warinta ya yini bai bar ɗakin ba. Ita jaba ma ba ta cin ta, kashewa kawai take yi ta ajiye. Tun da ta haihu abin ya ƙaru. 'Ya'yanta uku suna cikin kwali a bayan kujera, sun fara tafiya, ita kuwa duk abin da ta kamo nan take nufa da shi, wani lokacin ma da sauran ransa, don su koyi farauta. Ban ga laifinta ba, uwa ce.

Ummi ce damuwata. Rarrafe take yi yanzu, abin da hannunta ya kai kuwa sai baki. Ga shi lokacin zazzaɓin Lassa ne, da rani ya fi tashi, jiharmu kuma tana cikin waɗanda cutar ta fi addaba. Ta fitsarin ɓera da kashinsa ake ɗauka. Wannan tunanin ya sa gabana faɗuwa. Na zura hannu cikin leda biyu na ɗauke shi, na binne a bayan gida, na goge wurin da ruwan Hypo, na wanke hannu da sabulu har sau biyu kafin in yi alwala.

Wajen karin kumallo Abban Ummi ya ce a kai Fara nesa a saki, a sayo shinkafar ɓera a huta. Na ce, "Abban Ummi, guba a gidan da yarinya ke rarrafe? Kafin Fara ta zo, ka manta yadda suka yi mana da buhun masara?" Hajiya ta ajiye kofin kununta ta ce, "'Yar nan ta fi ka gaskiya. Kyanwa ba najasa ba ce. Ku dai raba ta da ɗakin kwana."

Haka na yi. Da hantsi na mayar da kwalin sito, na shimfiɗa musu tsohon zani saboda sanyi. Na ɗinke ragar tagar da ta yage, ta nan take shigowa, na cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Da magariba, lokacin da ta saba fita farauta, na cika mata kwano da tuwo da kan kifi, duk da na san ƙoshi ba ya hana kyanwa kamu.

Yanzu haka tana bakin ƙofa tana kuka tana yagutar katako. Tausayinta ya cika ni, amma ban buɗe ba. Na ajiye fitila a gefen filo, gobe sai na haska kafin in sauke ƙafa.