Abin da ke cikin akwatin fom rubutu ne, ko da lamba ka gani

Wata mai sayar da atamfa ta ce in haɗa mata ƙaramin fom na rasit: sunan mai saye, lambar waya, yawan turmi, farashi, kuɗin kai kaya, sai jimilla ta fito da kanta a akwatin ƙasa. Aikin JavaScript ne zalla, wato harshen rubuta shiri na shafukan intanet. Na kamo kowane akwati da document.getElementById, na karanta value ɗinsa, wato abin da ke cikinsa, na rubuta sakamako a value na akwatin jimilla. Wannan bai ci lokaci ba.

Lissafin ne ya sha mini kai. Kullum rubutu value yake dawowa da shi, har a akwatin type="number". Don haka "5000" + "200" ya ba da 5000200, domin alamar + manna rubutu take yi. Ninkawa da * kuwa lafiya lau take fita, shi ya sa matsalar ke laɓewa har sai an zo tarawa.

Na sa parseFloat, wanda ke mai da rubutu lamba, abu ya daidaita. Sai Hajiya mai atamfar ta rubuta 5,000 da waƙafi, yadda kowa ke rubuta kuɗi. Nan parseFloat ya tsaya a waƙafin, ya ce 5. Number, wanda shi ma ke mai da rubutu lamba, NaN yake bayarwa, wato "ba lamba ba ce", kuma ni na fi son hakan: NaN kowa zai gan shi, 5 kuwa shigewa zai yi cikin rasit shiru. Yanzu sai na yi trim don share sararin da ke gefen rubutun, na cire waƙafi da replace, sannan Number. A kula, akwatin da aka bari fanko 0 Number ke mai da shi, sai an duba shi daban.

Lambar waya ban taɓa ta ba. Da ka mai da 0803 lamba, sifirin farko ya tafi.

Don jimilla ta riƙa sauyawa ana cikin rubutu, sanarwar input da burauza ke tayarwa a kowane rubutu na saurara, tunda ta change tana jira a bar akwatin. Amma idan shirin da na rubuta ne ya sauya value, burauza ba ta tayar da input, dole in kira aikin lissafin da kaina, ko in yi dispatchEvent don tayar da sanarwar. Shi kuma getAttribute("value") abin da aka sa a HTML tun farko yake karantowa, ko me Hajiya ta rubuta daga baya bai san da shi ba.