Zanen Doron Baga daga bakin mutanenta

Sana'ata rubutun allunan shaguna ne da ado a bayan Keke Napep a Maiduguri. Bayan harin da Boko Haram ta kai Baga a Janairun 2015, da gari ya cika da 'yan gudun hijira, na riƙa shiga wani sansani da kwali da fensir ina zana wa mutanen Doron Baga, garin masunta da ke kusa da Baga, gidajen da suka baro. Yawancinsu ko hoto ɗaya ba su fito da shi ba.

Tambaya ita ce rabin aikin. Ban taɓa cewa "yaya abin ya faru?" ba, 'yan jarida da ma'aikatan agaji sun yi ta har mutane sun ƙosa. Sai dai in ce, "Iya, ƙofarki gabas take kallo ko yamma?" Nan da nan baki zai buɗe: ga rumbu, ga dalbejiya, ga inda ake banda, hayaƙi yana bi ta kan katangar zana. Wata tsohuwa ta sa na goge kwalekwalen mijinta na sake, wai na yi masa hanci irin na masu yawon shaƙatawa. "Ɗana, wannan ba zai ɗauki kwali goma na tarwaɗa ba." Gaskiyarta. Shi ya sa fenti ba ya hawa sai mai gida ya ce haka yake.

Taswirar unguwa kuwa rigima ce. Dattawa za su yi ta musu kan ko masallaci ne ke gaban injin niƙa ko injin ne ke gaba, ni dai in kama bakina, in riƙe abin gogewa.

Fuska ce ba na zanawa. Wasu saboda addini, wasu saboda tsoron a gane su, don akwai 'yan uwansu a hannun mutanen daji, wato 'yan Boko Haram. Na san akwai masu bin wata hanyar. A 2022 Prune Nourry 'yar Faransa da ɗaliban Jami'ar Obafemi Awolowo sun ƙera kawunan yumɓu 108 na 'yan matan Chibok da ba a gano ba, kuma a can fuskar ce magana, tunda mantuwa ake yaƙa. Nawa ya fi kusa da na Fati Abubakar, mai ɗaukar hoto da ta yi jerin hotunan Bits of Borno, wadda ta nuna kasuwa da biki da 'yan makaranta lokacin da duniya ba ta san Borno da komai ba sai bam.

Yara daban ne. Ka ba su takarda, jirgin yaƙi da bindiga za su zana. Ba na hana su, ba na kuma tambayar ma'ana.

Zanen na mai gida ne, a leda nake miƙa masa saboda damina. Da wani ya nemi kai zanukan baje koli a Abuja, cewa na yi ya tambayi masu su. Kaɗan ne suka yarda, su ma da sharaɗin a goge sunan unguwa.