Abin da Na Koya a Hannun Baba Injiniya

Allah ya yi wa mutumin da ya koya mini aikin injiniya rasuwa a Jos, kuma tun ranar da muka dawo daga maƙabarta nake ta tuna shekarun da na yi ina riƙe masa tef ɗin awo. Mu da muka yi aiki a ƙarƙashinsa Baba Injiniya muke ce masa, ko da yake babu ɗayanmu da ya haɗa jini da shi. An haife shi ne a wani barikin kuza kusa da Bukuru, inda mahaifinsa ke leburanci yana ɗaukar ƙasa a kwanon sarki, daga baya ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, sannan ya dawo Filato ya yi aikin gine-ginen gwamnati har ya yi ritaya.

Na zo wurinsa ne lokacin bautar ƙasa, kaina cike da lissafin makaranta. Aikin farko da ya ɗauke ni muka je shi ne ginin azuzuwa a wani fili mai kyan gani, shimfiɗaɗɗe, ciyawa ta rufe shi. Kafin a kafa turke ko ɗaya sai ya ce mu je mu gai da mai unguwa, ya zauna a tabarma yana tambayar dattawa inda aka taɓa haƙar kuza a zamanin iyayensu. A raina na ɗauka ɓata lokaci ne. Da aka haƙa ramukan gwaji a inda suka nuna, sai ga yashi sako-sako da ƙasar ciko, ba ƙasar asali ba, dole aka matsar da ginin gefe. A nan ya bayyana mini cewa tun farkon ƙarni na ashirin kamfanonin Turawa ke tona ƙasar da ke tsakanin Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi, wasu ramukan sun zama tafkuna kowa yana ganinsu, wasu kuwa an cike su, ciyawa ta fito a kansu, kuma su ne masu cin gini. A jami'a an koya mana nauyin da kowace irin ƙasa ke iya ɗauka, amma babu malamin da ya taɓa ce mana tarihin fili yana bakin tsofaffin unguwa.

Kan kankare kuwa ba ya sassauci ko kaɗan. Kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, shi da kansa yake tsayawa yana ƙirgawa. Ya sha maimaita mana cewa kankare ba ya kai ƙarfin da aka lissafa masa sai ya kwana 28, kuma aƙalla kwana bakwai na farko dole a riƙa ba shi ruwa. Jos tana bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200, saboda haka a watan Disamba da Janairu sanyi yana rage saurin kamawar siminti, iskar hunturu kuma tana zuƙe masa ruwa; shi ya sa yake sa a lulluɓe sabon dakin, wato rufin kankare, da jiƙaƙƙun buhuna, ko da ɗan kwangila zai yi ta ƙorafin an tsayar masa da aiki.

Kuskuren da na fi jin kunyarsa ya faru ne a shekarata ta uku. Wani ɗan kwangila ya sa rodi mai milimita 12 a inda zane ya ce 16, ya lallashe ni cewa bambancin ba wani abu ba ne, ni kuma saboda ganin girmansa na sa hannu aka zuba kankare. Da Baba ya ga guntayen rodin da suka rage, bai ɗaga murya a gaban leburori ba. Ya kira ni cikin motarsa, ya rufe ƙofa, ya ce: "Ɗana, yaran da za su zauna a ƙarƙashin wannan dakin ba za su taɓa sanin sunanka ba, amma rayukansu ne aka ba ka ajiya." Na ce, "Baba, na yi kuskure." Washegari aka fasa wurin aka sake, kuma a rahoton da ya rubuta ya ɗora wa kansa laifin rashin zuwa dubawa. A watan Yuli na 2024, da ginin wata makaranta ya rushe a Busa Buji har mutum 22 suka rasu, na je gaishe shi na tarar ya kashe rediyo yana zaune shiru. Mun fi awa guda tare, bai ce komai a kan lamarin ba, ni ma ban iya ɗago ido na dube shi ba.

Abin da na daɗe ban fahimta ba shi ne yadda yake riƙon iyalinsa. Lokacin da aka mayar da babban birnin tarayya Abuja a Disamba 1991, abokan karatunsa da yawa sun koma can, shi ma an neme shi, amma ya ƙi, domin mahaifiyarsa ta tsufa kuma 'ya'yansa suna ƙanana. Magariba ba ta riskarsa a waje sai da babban dalili. Shi yake kai 'ya'yansa mata makaranta kafin ya wuce wurin aiki, kuma da dare shi yake duba littattafansu. A lokacin ina ganin rashin himma ne, har na taɓa faɗa wa wani abokina cewa mutum mai irin wannan basira bai kamata ya ƙare a Jos ba. Gaskiya ne zaɓin nasa ya sa shi asarar abin duniya, domin a gidan da ya gina tun yana matashi ya rasu, yana jiran fanshon da ba ya zuwa a kan kari. Sai dai na ga yadda ya yi jinyar matarsa Hajiya shekaru bayan ritayarsa, yana auna mata magani a kan lokaci kamar yadda yake auna siminti, na kuma ga yadda 'ya'yan suka kewaye shi a nasa ciwon ba tare da an kira kowa ba.

Ni na koma Abuja, na yi shekaru sai bayan wata biyu nake bin hanyar Keffi da Akwanga in leƙa gida. Wata rana na kai masa ɗana ya gaishe shi, ya lura yaron yana noƙe mini kamar baƙo. Da za mu tafi ya riƙe hannuna a zaure ya tambaye ni yaushe rabon da in kwana bakwai a jere a gidana. Ban iya ba shi amsa ba. Kafin shekarar ta ƙare na kwashe iyalina zuwa inda nake.

Ranar sadakar uku babbar 'yarsa ta fito mana da kwali cike da ƙananan littattafan da yake sawa a aljihun gaba. A shafi ɗaya za ka ga ranar da aka zuba kankare da ranar da za a cire katako, a ƙasa kuma kuɗin makarantar wance, da lambar takalmin wane, da ranar rigakafin auta, duk da biro ɗaya. Na yi ta buɗawa har na kai ranar da aka fasa dakin nan. Ya rubuta adadin buhunan simintin da aka yi asara, a layin da ke biye kuma ya rubuta sunana, da cewa ya tuna ya tambaye ni jikin mahaifiyata. Na roƙi 'yar tasa ta bar mini wannan littafin, ta ce in ɗauka.